Daga Kano zuwa Jambiani: girkin kwakwa da kifin teku a Zanzibar

Mai fasfon Najeriya ko na Nijar ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta can ta duba takardunsu tukuna, don haka tun daga gida ake cike fom ta intanet, a biya dala 50, a zauna jira. Jiran yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata biyu, shi ya sa bai kamata a yanki tikiti ba sai amsa ta zo. Sai katin allurar shawara, wanda za a tambaya a hanya ba sau ɗaya ba. Na uku ita ce inshorar da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa kowane baƙo tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44, kuma wadda mutum ya zo da ita daga gida ba ta zama madadinta. Da waɗannan a hannu ni da maigidana muka tashi daga Kano cikin watan Agusta, muka canza jirgi a Addis Ababa, muka sauka a Dar es Salaam. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu.

Akwai jirgin sama da ke sauka tsibirin Zanzibar kai tsaye, amma mu na ruwa muka shiga. Baƙo yana biyan kimanin dala 35 a kujerun gama-gari, tafiyar kuwa ba ta wuce awa biyu. A ofishin da ke bakin tasha ake yankar tikiti da fasfo. 'Yan kamashon da ke tare mutum a titi suna cewa an rufe ofis, a wuce su kawai. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu ce ke kaɗawa, wadda suke kira kusi, teku kuma takan yi fushi, musamman da yamma. Ledar aman da ma'aikata ke rabawa kafin a tashi ba ado ba ce. Jirgin safe ya fi sauƙi, kujerun baya na ƙasa sun fi na gaba kwanciyar hankali, kuma kada a cika ciki. Da muka sauka a tashar Malindi sai ga wani layin shige da fice, alhali daga cikin Tanzaniya muka fito. Zanzibar ta haɗe da ƙasar Tanganyika a 1964 suka zama Tanzaniya, amma ta riƙe gwamnatinta, saboda haka a nan ma sai an sake duba fasfo da katin allura da takardar inshora.

Masaukinmu na farko yana cikin tsohon gari, Mji Mkongwe, inda lunguna suka matse har mota ba ta shiga, sai amalanke da babur. Ɗaki mai fanka da gidan sauro bai wuce dala 40 ba, har da karin kumallo. Babbar takardar kuɗinsu ta shilin 10,000 ce, ba ta kai dala biyar ba, masu canji kuma ba sa son tsofaffin takardun dala. Garin Musulmi ne, kiran salla ta kowane lungu, babu fargabar yanka. Sarkin Oman Sayyid Said ya dawo da fadarsa nan wajen 1840, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari, fataken Indiya suka biyo baya, shi ya sa tukunyarsu ta haɗa rogo da ayabar bakin teku, shinkafar Larabawa, da kayan ƙamshin Indiyawa. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne kwakwa. Wani abin kiyayewa: lissafin agogonsu daga shida na safe yake farawa, in mai abinci ta ce a dawo "saa mbili", ƙarfe takwas take nufi.

Da sanyin safiya mata ke zama a dakalin ƙofar gida da murhun gawayi suna tuya. Duk Bahaushiyar da ta hango tandar za ta ce masa ce. Vitumbua sunansu, kuma 'yan uwan masa ne na kusa: shinkafa kofi biyu ake jiƙawa ta kwana, a niƙa ta da madarar kwakwa kofi ɗaya da rabi a maimakon ruwa, a sa yis ƙaramin cokali ɗaya da rabi, sukari rabin kofi, da dakakken iliki, wato kadamon ɗin da ake sa wa shayi. Awa ɗaya zuwa biyu ƙullin ya tashi, don garin da ɗumi. Ba albasa, ba kanwa. Ramukan tandar sun fi namu ƙanƙanta da zurfi, da tsinke ake juyawa, sai su fito a dunƙule, bayansu ja, cikinsu fari mai ramuka. Mu da miyar taushe muke cin masa, su da shayi mai citta. In wuta ta yi yawa baya ya ƙone ciki ɗanye, in ƙullin ya yi ruwa sai ya sha mai. Shi dai wannan ƙullin, in aka juye shi a tukunya guda aka sa garwashi sama da ƙasa, ya zama mkate wa kumimina, a yanka shi yanka-yanka. Mai son abin da zai riƙe ciki sai ya nemi mbaazi, wani wake na bishiya mai zagayen ƙwaya da ake dafawa cikin madarar kwakwa, a ci da mahamri, soyayyen fulawa mai kusurwa uku wanda shi ma da madarar aka kwaɓa.

Kasuwar Darajani, da aka gina a 1904, tana bakin tsohon gari, sashen kifinta kuma hanci ne ke kai mutum. Ita da ta Malindi kusa da tasha a nan ake gwanjo: masunci ya zube kamunsa a ƙasa, dillali yana kiran farashi, 'yan sari suna ƙarawa. Akwai nguru, dogo mai ƙarancin ƙaya, shi ne sarkin kifin yanka. Jodari mai jan nama. Kibua, ɗan uwan sukumbiyar da muke saye a ƙanƙara. Changu da kolekole masu farin nama, na gashi. Da tasi, ƙaramin kifin talaka mai ƙaya a baya da in ta soki hannu sai an ji jiki. Gefe guda ga ƙaguwa, jatan lande manya da ƙanana, ngisi, wata halittar teku mai dogon jiki da hannuwa da yawa, da ɗan uwansa pweza mai hannuwa takwas a shimfiɗe. Ƙanƙara ba ta wadata ba, don haka mai saye da idonsa yake dogara: ido garau ba hazo, cikin kunnen kifin ja jawur, nama in an danna ya dawo. Jodari da kibua su ne masu haɗari in sun daɗe a rana, domin wani dafi ne ke taruwa a namansu wanda wuta ba ta kashewa, mutum ya ci fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi. Farashi kuwa iska da wata ne ke yanke shi. In kusi ta tsananta ƙananan jirage ba sa nisa, kifi ya yi tsada. Ƙananan kifin dagaa da fitila ake kama su a daren duhu, in farin wata ya cika sai su yi wuya.

Na san tambayar da za ta zo wa mutumin gida da ya ga pweza da ƙaguwa a faranti. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, hadisin da ya ce ruwanta mai tsarki ne mushenta kuma halal ne yana cikin Muwaɗɗa. Yawancin mutanen tsibirin Shafi'iyya ne, su ma suna ci. Saura ƙyanƙyami, wannan kuwa ba malami ne ke cire shi ba.

Da magariba kowa Forodhani yake nufa, lambun da ke gaban tsohuwar ganuwa, inda masu abinci ke jera tebura da fitilu. Wurin yana da kyau, amma ba nan ne za a auna girkin Zanzibar ba. Tsiren kifi da na pweza da aka tula an riga an dafa su, ɗumamawa kawai ake yi, kuma ba a sanin tun yaushe suke kan tebur. A tambayi farashi kafin a nuna abu, a zaɓi abin da ake haɗawa a gaban ido. Urojo ya cancanci kuɗinsa: romo ne mai kauri, rawaya saboda kurkum, mai tsamin ɗanyen mangwaro ko lemon tsami, a zuba dankali, bajiya (irin ƙosansu), dafaffen ƙwai, soyayyen rogo siri-siri, a ɗora niƙaƙƙiyar kwakwa mai yaji a kai. Sai ruwan rake da ake matsewa tare da citta da lemon tsami. Girkin gaske da rana ake samunsa, a ƙananan gidajen abinci na bayan kasuwa, kafin azahar ta wuce tukwane su ƙare.

Daga gari zuwa Jambiani a gabar gabas bai kai kilomita 60 ba. Tasi na neman wajen dala 40, daladala kuwa, wato motar haya ta gama-gari, 'yan dubban shilin ne, sai dai a kan benci ake zama gwiwa na gugar gwiwa, rufin cike da buhuna da itace. Hannun hagu suke tuƙi. Muka wuce shingayen 'yan sandan hanya masu fararen kaya, takardun direba suke dubawa, ba ruwansu da fasinja. Baƙon da ya ɗauki hayar mota don ya tuƙa da kansa sai ya yanki izinin tuƙi na tsibirin, lasisin gida kaɗai bai isa ba. A dajin Jozani mota ke rage gudu saboda jajayen birai masu tsallaka titi. Daga nan sai ƙasa ta koma farin dutse, bishiyoyin kwakwa suka ƙaru.

A Jambiani gidan wata dattijuwa muka sauka, mai ba da hayar ɗakunan baya da abinci. "Shikamoo" ake gaishe da babba, ya amsa "Marahaba". Ina ce mata Mama, tana ce mini 'yata, ɗanta yana yi mana tafinta. A madafarta na ga abin da ya bambanta girkinsu da namu. Mu da mai muke fara miya, manja ko man gyaɗa, a soya albasa da kayan miya. Ita kwalbar manta tana can gefe, sai in za a yi suya. Maiƙo da kauri da garɗin miyarta duk daga kwakwa suke fitowa, kuma a ranar ake tatsa, don madarar ba ta kwana.

Kwakwa iri biyu ce a wurinsu. Dafu shi ne ɗanye mai koren baya, na sha ne, shilin dubu ɗaya zuwa biyu a bakin hanya, ba a girki da shi. Nazi ita ce ƙosasshiya. Ana zaɓar mai nauyi, wadda in an girgiza ake jin ruwa na motsi sosai, idanunta uku a bushe ba funfuna. Da bayan adda ake bugun tsakiyarta ana juyawa har ta rabu biyu. Ruwan da ke zubowa ba shi ne madarar ba, yara ake ba su shanye. Madarar a cikin farin naman take. Abin gugar, mbuzi, ɗan kujerar katako ne mai naɗewa da aka kafa wa ƙarfe mai haƙora a baki. Mace ta zauna a kai ta gefe, ta riƙe ɓarin kwakwar da hannu biyu tana gogawa tana juyawa, gari na zuba a faranti. Ana tsayawa kafin haƙoran su kai jar fatar da ke manne da ƙoƙon, in ba haka ba madarar ta yi duhu da ɗigo-ɗigo. Kwakwa ɗaya mai kyau takan ba da kofi biyu na gugagge.

Tatsar sau biyu ce, kuma duk gwanintar girkin nan a kan rabe su take. A ta farko rabin kofi na ruwan ɗumi kaɗai ake zuba wa gugaggiyar kwakwa ɗaya, a murtsuke da hannu sosai, a ɗura a kifumbu, wata doguwar jaka ta saƙar kaba, a murɗe. Abin da ya fito, kusan kofi ɗaya, fari tas mai kauri, shi ne tui zito, sai a ajiye shi gefe. A mayar da tuƙar, a zuba ruwan ɗumi kofi biyu, a sake murtsukewa a tace: wannan shi ne tui jepesi, mai ruwa-ruwa. Ruwan sai mai ɗumi, domin man kwakwa yana daskarewa da ɗan sanyi kaɗan, ruwan sanyi sai ya bar rabin maiƙon a cikin tuƙa. Tafasasshe kuma yana ƙona hannu ya fara raba mai da ruwa tun kafin a ɗora tukunya. Tuƙar da ta rage ta kaji ce. Da mai ruwa-ruwan ake dafa abinci, don tana jure tafasa. Mai kaurin a ƙarshe take shiga, minti biyar kafin a sauke, wuta ƙasa-ƙasa, tukunya a buɗe. Abu uku ke tsinka ta: tafasa mai ƙarfi, murfi, da tsami da wuri. In ta tsinke za a ga mai ya taso sama, fararen gudaji suna yawo a cikin ruwa. Ana iya ci, amma kaurin ya tafi kuma ba ya dawowa. Da na ɗan saki ludayi don in gyara itace Mama ta ce, "'Yata, wuta za ta jira, tui ba ya jira." Ɗebowa take yi da ludayin tana zubawa daga sama, ba tsayawa, har ta sauke. Lemon tsami sai tukunya ta bar wuta.

Wali wa nazi, shinkafar kwakwa, ita ce tuwonsu na rana. Shinkafar Mbeya mai ƙamshi suka fi so. Ga kofi biyu: a wanke, a jiƙa minti ashirin, a tsane. A tafasa madara mai ruwa-ruwa kofi biyu da rabi da gishiri, ana juyawa don kada ta yi bori, a zuba shinkafa. In ruwan ya kusa tsotsewa, ramuka sun bayyana a sama, a zuba mai kauri kofi ɗaya, a juya sau ɗaya tak, a rufe. Daga nan a janye yawancin wutar ƙasa a ɗora garwashi a kan murfi, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Garwashin ƙoƙon kwakwa take amfani da shi, yana da zafi kuma ba hayaƙi. Ba a tace wannan shinkafa, ba a sa mata mai. Tana saurin kamu fiye da farar shinkafarmu saboda zaƙin madarar, shi ya sa wutar sama ta fi ta ƙasa muhimmanci. Ƙanzon, ukoko, rabon yara ne, har faɗa suke yi a kai. Abin lura shi ne ba ta kwana a wajen firji. Wadda aka dafa da rana, zuwa asuba ta yi yami.

Pweza kuwa sai an bi wata. A wannan gabar ruwa yana janyewa sau biyu a yini, a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa kuma janyewar takan yi nisa har fiye da kilomita, su ne kwanakin bamvua. A lokacin ne mata ke fita da ƙafa, da sanda ko ɗan ƙarfe, suna bin ramukan duwatsu, wasu kuma suna duba gonakinsu na ciyawar teku da aka fara nomawa a wannan yanki tun 1989. Maza su ke nutso a wuri mai zurfi. A kwanakin da ruwa ba ya nisa, pweza sai na firji. Wasu ƙauyuka sukan rufe wani yanki na gaɓarsu wata uku ba mai kamu, don halittar tana saurin girma, ranar buɗewa a sami manya.

Halitta ce mai hannuwa takwas, ba ƙashi ba ƙaya. Ana juya kan ciki-waje a cire kayan ciki da jakar baƙin ruwan ba tare da an fasa ta ba, a ƙwaƙule bakin mai tauri da ke tsakiyar hannuwan. Sannan a yi ta bugunsa a kan yashi ko da sanda har ya saki, a wanke yashin da yauƙin tas. Wanda ya kwana a ƙanƙara ba ya buƙatar duka sosai, daskarewar ta riga ta yi aikin. Ana sa shi a tukunya ba ruwa ba gishiri, a rufe, wuta kaɗan; da kansa yake fitar da ruwa ja mai gishiri. Mai kilo ɗaya yana ɗaukar minti 45 zuwa awa guda, kuma zai koma kusan rabi, don haka kilo ɗaya na mutum uku ne ko huɗu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne saukewa a minti ashirin, lokacin da ya fi kowane lokaci tauri. Sai an haƙura jijiyoyin sun narke, tsinke ya shige kaurin hannun ba gardama. In ya yi daidai, a baki kamar ƙundun kaza ne da ya dahu sosai. Sai a yanka gutsi-gutsi. A wata tukunya a zuba madara mai ruwa-ruwa kofi biyu, albasa ɗaya, tumatir biyu, tafarnuwa da citta dakakku babban cokali ɗaya, kurkum rabin ƙaramin cokali, attaruhu guda ba a fasa ba, da ɗan ruwan dahuwar pwezan a maimakon gishiri. A bari ya ƙone zuwa rabi, a zuba naman, bayan minti goma a kawo mai kauri. Tumatir ba ya wuce biyu, in ya yi yawa tsaminsa ya tsinka madarar kuma ya danne ɗanɗanon. Da yamma a bakin titi ana sayar da romonsa zalla da lemon tsami da barkono, maza ne ke cika bencin, don sun yi imani yana ƙara ƙarfi. Ko'ina dai da irin nasu maganin.

Wanda ya fi burge ni shi ne samaki wa kupaka, gasasshen kifi mai shafe. Changu ko kolekole mai kilo ɗaya ake so, a kankare, a tsattsaga jikinsa har ƙashi, a cusa tafarnuwa, citta, barkono, gishiri da lemon tsami, a bar shi awa ɗaya. A matse shi a ragar gashi mai baki biyu da aka shafa wa mai, a ɗora kan garwashin da ya daina ci da harshe, har ya kusa nuna. Kafin nan an haɗa abin shafen: madara mai kauri kofi biyu, ruwan tsamiya mai kauri babban cokali biyu zuwa uku, kurkum, tafarnuwa, barkono da gishiri, ana juyawa a kan ƙaramar wuta har ya kama bayan cokali. A nan tsami da madara suke haɗuwa a wuta, saboda haka tsamiyar kaɗan-kaɗan ake sa ta bayan madarar ta fara kauri, hannu kuma ba ya tsayawa. A shafe kifin gefe ɗaya, a mayar wuta minti biyu zuwa uku, a juya a shafe ɗayan, a maimaita har ya yi ɓawo rawaya mai ɗigon ƙuna. In shafen ya yi ruwa zai zube a garwashi, wuta ta tashi, kifi ya yi baƙin hayaƙi. In aka shafa tun kifin yana ɗanye, shafen ya ƙone kafin ciki ya nuna. Ragowar a kwarara a kai a faranti.

Sauran duk hanya ɗaya suke bi, mai ruwa-ruwa a fara, mai kauri a rufe: rogo da kifi, ɗanyar ayaba, wake, alayyafo, da kisamvu, dakakken ganyen rogo wanda sai ya daɗe a wuta tukunya a buɗe kafin madara ta shiga, don ɗacinsa mai cutarwa ya fita. Abu biyu ne ba a karɓa ko an yi tayi. Bunju, kifin nan mai kumbura, dafinsa na kisa ne. Kunkurun teku kuma doka ta hana kama shi, namansa kan zo da guba ba tare da wata alama ba; a Maris 2024 mutum tara, takwas daga cikinsu yara, sun rasu a tsibirin Panza na Pemba bayan sun ci shi.

Ko ɓawon kwakwar ba a yar da shi. A bakin ruwa akwai tarin duwatsu nan da can, ƙarƙashinsu ɓawo ne aka binne watanni har ya ruɓe, mata su tono su daka su murza igiya a cinya. Ganyen kuma shi ne rufin ɗakin da muka kwana. Duk da haka kwakwa ta yi tsada a tsibirin, tsofaffin bishiyoyi ana sarewa don katako da filin gini, matan gari da yawa sun koma madarar fakiti. Mama ba ta yarda da ita ba, ta ce ba a raba ta biyu, to da me za a fara, da me za a rufe?

A hanyar dawowa muka tsaya Darajani na sayi mbuzi, wanda sai a jakar da za a auna, ba ta hannu ba, saboda ƙarfen. Jirgin ruwan yamma ya gwada mana kusi sosai, daga nan sai Addis Ababa, sai Kano. Girkin yana yiwuwa a gida in an kiyaye wasu abubuwa. Kwakwarmu daga kudu take zuwa, ta daɗe a hanya, don haka mai buƙatar biyu ta sayi uku, duk wadda ba a jin ruwanta ko cikinta ya yi warin sabulu a yar. Marar mbuzi ta ɓamɓare naman, ta fere jar fatar, ta yanka ƙanana ta niƙa a bilenda, amma da rabin kofin ruwa a karon farko, ta tace da ƙyalle mai tsabta, sannan ta sake niƙawa da kofi biyu. In aka zuba ruwan gaba ɗaya madara iri ɗaya za a samu, ba mai kauri ba mai ruwa. Ta gwangwani kada a girgiza ta: a kwashe ta saman a ajiye, a tsinka ta ƙasan da ruwa. Karfasa da giwan ruwa suna karɓar shafe da kyau. Tarwaɗa ɗanya maiƙonta da santsinta sun yi yawa, shafen zamewa yake yi, gara a nemi bandarta a sa a miyar kwakwa da kurkum. Da hunturu kuma a ƙara wa ruwan tatsa zafi kaɗan, a ɗumama kwanon ma, don a sanyin Kano madarar takan daskare a jikin ƙyallen tun ba a gama matsewa ba.